Lifta: abubuwan mamaki daga zamanin Sarki Tanimun zuwa Burj Khalifa

A Damagaram gini ƙasa-ƙasa ya fi yawa. Mutum zai iya tsufa a Birni ko Zango bai taɓa shiga lifta ba, sai ran da tafiya ta kai shi Yamai, ko Allah ya kira shi Makka. Ga kaɗan daga labarin Otis, kamfanin da ya fi suna wajen ƙera wannan na'ura ta hawa bene.

1. Kamfanin sa'an fadar Birni ne. A 1853 Elisha Otis ya buɗe masana'antarsa a Yonkers, kusa da New York a Amurka. A lokacin Sarki Tanimun ke kan gadon Damagaram, yana ƙarfafa ganuwa, maƙeransa na zuba igwa. A farkon shekarar ne kuma Bajamushen nan Heinrich Barth ya bar Zinder ya nufi Katsina.

2. Birki Otis ya ƙirƙiro. Tun zamanin Rumawa ake ɗaga kaya da igiya, har namun daji ake haurarwa da ita zuwa filin wasa na Colosseum. Abin da ya hana mutane shiga shi ne tsoron tsinkewar igiya. Otis ya ɗora ƙarfe mai tsalle a saman akwatin. Da zarar igiya ta saki, sai ƙarfen ya buɗe ya cije haƙoran da ke jikin dogayen ƙarafan gefe.

3. Da ransa ya yi talla. A 1854, a baje kolin New York, ya hau dandamali aka ɗaga shi sama a gaban jama'a, ya sa aka sare igiyar da gatari. Dandamalin ya ɗan zame, ya tsaya cak. Gani ya kori ji, masu saye suka fara zuwa.

4. Ta farko tafiyar hawainiya take yi. An kafa liftar fasinja ta farko a 1857 a kantin Haughwout mai hawa biyar a New York. Da tururi take aiki, tana cin kusan mita 12 a minti ɗaya. Ta Burj Khalifa a Dubai, gini mai tsayin mita 828, tana cin mita 10 a daƙiƙa ɗaya. Kamfanin Otis ne ya kafa lifta 57 a ginin.

5. Mai shuka bai ci 'ya'yan ba. Otis ya rasu a 1861 yana da shekara 49. 'Ya'yansa Charles da Norton ne suka raya kamfanin, har ya sa lifta a ƙafafu biyu na hasumiyar Eiffel a 1889.

6. Matakala mai tafiya da kanta. Kamfanin ya nuna ta a baje kolin Paris na 1900, shekara ɗaya bayan sojojin Faransa sun shiga Zinder. Irinta alhazai ke hawa yau a Masallacin Harami.

7. Aikin lifta irin na guga ne. Akwai igiya, akwai faifan da take bi a sama, akwai abin da ake ɗagawa. Bambancin shi ne a ɗaya bakin igiyar an rataya dalma ko ƙarfe mai nauyin akwatin da kusan rabin kayan da zai ɗauka. Shi ya sa injin ba ya wahala sosai.

8. Kayan kamfanin iri-iri ne. Akwai liftar fasinja, ta kaya, ta asibiti wadda gadon maras lafiya ke shiga, da dandamali mai tafiya na filin jirgi. A shekarar 2000 ya fito da Gen2, wadda ta maye igiyoyin ƙarfe da faffaɗan bel mai wayoyin ƙarfe a ciki. Kamfanin ya ce mutum fiye da biliyan biyu ke hawa na'urorinsa kowace rana.

9. Yana da abokan gasa. Akwai Schindler ta Suwizalan, wadda ta fara a 1874, da Kone ta Finlan, wadda ta fara a 1910. Kone ce ta sa lifta a benen agogon Makka.

10. Ɗauke wuta ba ya kayar da lifta. Wutar lantarki ce ke buɗe birkin injin, don haka idan ta ɗauke, birkin ya damƙe ke nan. Wanda lifta ta tsaya da shi ya danna ƙararrawa ya jira ma'aikata, kada ya ɓalle ƙofa. In kuwa gobara ce, ya bi matakala.