In Tsohuwa Ta Tafi Ingila Wankan Jego, Wata Nawa Za Ta Yi?

Kwanan baya wata maƙwabciyata ta shigo gidana hankali tashe. 'Yarta da ke aure a Ingila ta haihu, an kai mahaifiyar maƙwabciyar tawa don ta yi mata wankan jego. Ga shi wata biyar sun wuce, maijego ba ta murmure ba, suna son tsohuwa ta ƙara zama. Ta ce, "Malama, ai bizarta ta shekara biyu ce." To, a nan kuskuren yake.

Bizar ziyara ta Ingila iri-iri ce: akwai ta wata 6, da ta shekara 2, da 5, da 10. Amma ko wacce aka ba mutum, in ya shiga sau ɗaya ba zai wuce wata 6 ba. Doguwar biza izini ce ta zuwa da komowa kawai. Kuma in ma'aikata suka lura tsohuwa na fita kwana kaɗan tana komawa, kamar ta mai da can gida, suna iya hana ta shiga.

Ana ƙara wa baƙo kwanaki idan tun farko abin da aka ba shi bai kai wata 6 ba, sai a cika masa. Ana kuma ƙara wa wanda ke jinya da kuɗinsa, in ya kawo takardar likita. Dole ne a nemi ƙarin tun wa'adi bai cika ba. Akwai bizar dattijon da ba ya iya kula da kansa, amma tun 2012 aka tsananta sharuɗɗanta. Daga gida ake nemanta, kuma sai an tabbatar ba za a sami mai kula da shi a ƙasarsa ba.

Wanda ya zarce wa'adinsa da fiye da kwana 30, ko da shi ya biya kuɗin jirginsa ya dawo, ana iya hana shi komawa har shekara guda. Laifin kuma zai bi shi duk ran da ya sake neman biza.

Kanada ta fi sauƙi ta wannan fanni. Tun 2011 tana da biza ta musamman don iyaye da kakanni, kuma daga 2022 mai ita na iya zama har shekara 5 a zuwa ɗaya. Sharaɗi shi ne ɗan ko jikan ya zama ɗan ƙasa ko mai izinin zama na dindindin, ya nuna yana da abin riƙe ta, a duba lafiyarta, a kuma sayi inshorar lafiya ta aƙalla dalar Kanada 100,000. Gwaggo da inna ba sa ciki.

Shawarar da na ba maƙwabciyata ita ce tsohuwa ta dawo kan lokaci, ta huta a gida, in da hali ta koma daga baya. Zafin rabuwa na ɗan lokaci ya fi a rufe mata ƙofar ganin jikokinta.

Ku kuma 'yan makaranta, ga inda karatunku zai yi amfani. Ran da kakarku za ta tashi, ku duba fasfonta da takardunta, ku lissafa ranar da wata 6 za su cika, ku rubuta a kalandar ɗaki. Rigakafi dai ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.