In intanet ɗin wayar girke ya yi nawa, fara ɗaga kan tarho

Ɗan kasuwar da ke jiran hotunan kaya daga Kwatano, ko farashin canjin naira da sefa kafin ya tsallaka iyaka, ya san asarar da nawar intanet ke jawowa. Galibinmu mun koma ga wayar hannu, amma masu ADSL a gida, wato intanet da ke bin jan ƙarfen wayar girke, ga abin da muka gano.

Kafin ka ɗora wa kamfani laifi, ɗaga kan tarho ka saurara. In ka ji ƙarar shuu ko ƙas-ƙas, layin ne ba lafiya. Sau da yawa da damina ruwa ke shiga mahaɗar waya ta yi tsatsa, kuma wannan gyaran na kamfani ne. In layin shiru yake, duba filta, ɗan akwatin nan da ke raba murya da intanet. Kowane tarho a gidan sai da nasa. Cire doguwar wayar ƙari da aka zagaya da ita bayan katanga, ka jona modem a soket ɗin farko da layi ya shigo, sannan ka haɗa shi da kwamfuta ta waya, ban da Wi-Fi. Ka kuma leƙa ko yara na sauke fim, mun sha ganin haka!

Nisa kuwa ba shi da magani. ADSL2+ na iya kaiwa megabit 24 a daƙiƙa kusa da cibiyar tarho, amma in gidanka ya kai kilomita 5 daga can, abin da zai iso maka kaɗan ne, ko nawa ka biya.