3.2 Gwama Semikondakta Biyu Wajen Sarrafa Sinadarai da Haske

A shekarar 1972 ne Akira Fujishima da Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo suka nuna cewa titaniyam dayoksaid, wato TiO2, yana iya raba ruwa zuwa haidirojin da oksijin idan an haska shi. Yadda abin yake shi ne, haske kan tunkuɗa elektron zuwa matakin kuzari na sama, ya bar gurbi a ƙasa. Elektron ɗin da gurbin su ne ke yin aikin sinadarin.

Sai dai TiO2 yana da nakasu biyu. Tazarar kuzarinsa ta kai 3.2 eV, don haka hasken ultrabayolet kaɗai yake sha, wanda bai wuce kashi 5 cikin ɗari na hasken rana ba. Haka kuma mafi yawan elektron kan koma gurabensu kafin su tsinana komai.

Wannan ne ya sa masana suka koma gwama shi da wani semikondaktan, misali kadmiyam salfaid, CdS, mai tazarar 2.4 eV, wanda ke shan hasken da ido ke gani. A irin wannan haɗi elektron kan tsallaka daga CdS zuwa TiO2, gurbin kuma ya tsaya a CdS, sai su daɗe a rabe. Amma a nan ne gizo ke saƙar, domin elektron ɗin ya gangara ne zuwa matakin da ya fi rauni, ƙarfin aikinsa ya ragu ke nan. Bugu da ƙari, guraben da suka taru kan cinye CdS ɗin kansa, ga shi kuma kadmiyam guba ne.

Tsarin Z, wanda Allen Bard ya gabatar a 1979 bisa kwaikwayon yadda ganye ke sarrafa haske, ya fi dacewa. A cikinsa raunanan elektron da raunanan gurabe ne ke haɗewa da juna, ƙarfafan su saura su yi aiki. Da wannan tsari ne ayarin Kazunari Domen a Japan ya mayar da kashi 1.1 cikin ɗari na kuzarin rana zuwa haidirojin a 2016.

Adadin ya yi kaɗan ƙwarai, tun da ana ƙiyasta sai an kai kashi 5 zuwa 10 kafin sana'ar ta biya kuɗinta. Ko faifan gwaji mai murabba'in mita 100 da ayarin ya bayar da rahotonsa a 2021, wanda ma semikondakta ɗaya aka yi amfani da shi, kashi 0.76 ya samar.