Kwamfuta ta fara jin Hausa, amma ba ta Nima ba

Tun da Google ya saka Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, aikin koya wa kwamfuta karanta Hausa sai ƙara gaba yake yi. A 2021 ƙungiyar Masakhane ta fitar da MasakhaNER, tarin rubutu na harsunan Afirka goma da ke koya wa na'ura gane sunan mutum da na gari da na hukuma. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, inda mutane suka tantance saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga cikin harsuna huɗu na Najeriya, suna bambance yabo da suka. Yau manazarci na iya tattara dubban saƙonni ya auna ra'ayin jama'a a yini guda. Wannan ci gaba ne, kuma galibi 'ya'yan Hausawa ne suka yi gumin ɓangaren Hausar.

Sai dai duk wanda ya san unguwannin Nima da Mamobi da Tudu na Accra zai tambaya: wace Hausar aka koya mata?

Amsar tana cikin inda aka ɗebo rubutun. Ɓangaren Hausa na MasakhaNER daga labaran Muryar Amurka ya fito, NaijaSenti kuwa sunansa ya faɗi ƙasarsa. Hausar zangon Accra daban take, kuma ba jiya ta fara ba. Malam Baƙo, ɗan Malam Naino, ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Nima ta taso a shekarun 1930 a hannun Malam Amadu Futa. A waɗannan unguwanni Hausa ta zama harshen da ya haɗa Bazabarme da Bamoshe da Bakotokole da Badagombe da Bayarabe, kamar yadda Mary Esther Kropp Dakubu ta nuna a littafinta na 1997 kan tarihin harsunan Accra. Harshen da ke ɗaukar baki da yawa dole ya sauya. A bakin mutane da dama bambancin namiji da mace a nahawu ya tafi, ana cewa "ya zo" ko da mace ce ta zo. Ɓ da ɗ da ƙ sun koma b da d da k. Kalmomin Twi da Ga da Turanci kuwa suna shiga jimla su fita ba tare da kowa ya ji wani abu ya canza ba.

Dalili na biyu ya fi nauyi a ganina. Gidan rediyon gwamnatin Ghana ya daɗe yana watsa shiri da Hausa, amma Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da gwamnati ta amince a koyar a makarantu. Saboda haka yaron Mamobi yana tashi da Hausa a baki, bai taɓa zama ajin da aka nuna masa ƙa'idar rubuta ta ba. Idan zai rubuta a Facebook, da ƙa'idar Turanci yake laluben ta, kowa da nasa salon. Mafi yawan zancen ma ba ya shiga rubutu: saƙon murya ne a WhatsApp, wa'azi ne a masallaci, ciniki ne a Tudu. Na'ura kuwa abin da aka rubuta aka ajiye shi take ci.

Sakamako na farko a fili yake. Fassara na fitowa a karkace, na'urar tantance harshe na iya ɗaukar saƙon wani yare ne daban. Na biyu ya fi haɗari. Kamfanonin sada zumunta suna dogara da irin waɗannan na'urori wajen gano kalaman ƙiyayya, kuma zango wuri ne da 'yan siyasa ke rububinsa duk lokacin zaɓe. Na'urar da ba ta san harshen ba, za ta bar tunzuri ya wuce, ta kama marar laifi.

Nan ne ƙidayar kalmomi ke gazawa, nazarin zance ya zama dole. Zango cike yake da wasan barkwanci tsakanin ƙabilu, irin na Fulani da Barebari, ko na Dagarti da Frafra. Mutum zai kira abokin wasansa bawansa a bainar jama'a, a yi dariya, zumunci ya ƙara ƙarfi. Kwamfuta za ta rubuta wannan a matsayin zagi. Habaici kuma, wanda ake saƙa shi da kalmomi masu laushi har da addu'a, za ta sa shi a layin yabo. Haka idan aka kira ɗan zango baƙo: wanda bai san dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ba, da yadda ta raba iyalai, ba zai gane me ya sa dattijo ke ɓata rai ba. Ma'ana tana ga mai magana, da wanda ake wa, da abin da ya gabata a tsakaninsu. Malaman zango sun san wannan tun tuni, shi ya sa mai tafsiri ba ya fassara aya sai ya faɗi sababin saukarta.

Akwai kuma wani tasiri da ke tafiya a hankali. Matashin da wayarsa ke nuna masa kullum cewa Hausar Kano ce daidai, tasa kuskure, zai iya fara jin kunyar bakin iyayensa. Ba na ƙin daidaitacciyar Hausa, ita ce ke haɗa mu a rubuce daga Agadas zuwa Kumasi. Amma karin harshe ba kuskure ba ne.

Kuma kada a ce Hausawan Ghana ba su da rubutu. Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da tarihi cikin Larabci da ajami. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon ta tattara ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu, Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo na cikin waɗanda suka yi aikin. Na'urorin yau ba su ƙware a karanta ajamin hannu ba, don haka wannan taska ma tana waje.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyar GhanaNLP ta riga ta gina manhajar Khaya don Twi da Ga da Ewe da Dagbani, 'yan ƙungiyar HausaNLP kuma suna da gogewar tantance rubutu. Abin da ya rage shi ne su haɗu da Legon, a naɗi Hausar zango da yardar masu ita, a rubuta ta yadda ake furta ta, a kuma biya matasan Nima da Mamobi su zama masu tantancewa, domin su ne suka san inda wasa ya tsaya zagi ya fara. Sarakunan zango da limamai da Asusun Raya Zango da aka kafa a 2017, wannan aiki naku ne, ku sa shi cikin lissafi tun dattawan da suka ga tasowar Nima suna raye.