Jarrabawar Gwaji ta Intanet: Ma'aunin Mai Neman Gurbi a Makarantar Koyon Kasuwanci

Duk ma'aikacin banki, ko akanta, ko injiniyan da ya ƙudura aniyar yin digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci, wato MBA, a wata babbar makaranta ta Amurka, Turai ko Asiya, da wuya ya kauce wa jarrabawar nan da ake kira GMAT. Kuɗin zama ɗaya a Amurka a shekarar 2024 dala 275 ne ga wanda zai je cibiya, dala 300 kuwa ga wanda zai yi ta a gida ta intanet, kuma da dala ake biya a sauran ƙasashe da dama. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023, har dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a cikin 2024, irin wannan kuɗi ya kai sama da Naira 400,000, wato kusan albashin wata shida na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024. Ke nan shiga jarrabawar domin a ga yadda take ba wasa ba ne da ɗan Nijeriya zai iya yi. Wannan shi ya sa jarrabawar gwaji ta intanet ta zama babban makami, sai dai da yawa daga masu amfani da ita ba su san aikin da aka yi ta dominsa ba.

Asalin GMAT shi ne wani taro da makarantun kasuwanci 9 na Amurka suka yi a 1953, cikinsu har da na jami'o'in Harvard, Columbia da Chicago, inda suka nemi ma'auni guda na tantance masu neman gurbi. An fara zana ta a 1954, aka ba ta sunan da take da shi yanzu a 1976. Hukumar da ke da mallakarta, GMAC, tana da mazauni a Reston ta jihar Virginia. Babban sauyin da ya shafi batunmu ya zo ne a 1997, lokacin da aka bar takarda da fensir aka koma na'ura mai ƙwaƙwalwa, bisa tsarin da na'urar ke zaɓa wa kowane mutum tambayoyi daidai da ƙoƙarinsa.

Ga yadda tsarin yake aiki. Na'urar takan fara da tambaya matsakaiciya. Idan mutum ya amsa daidai, sai ta ɗaga kimar da ta yi masa ta kawo wadda ta fi wuya. Idan ya kuskure, sai ta sassauta. Haka za ta yi ta auna shi har ƙarshen sashe. Saboda haka maki bai ta'allaƙa ga yawan amsoshin da aka ci kaɗai ba, har da nauyin tambayoyin da aka ci da waɗanda aka faɗi. Mutum biyu na iya kuskure tambaya biyar-biyar, amma makinsu ya yi nisa da juna, domin ɗaya ya faɗi masu wuya ne, ɗayan kuwa ya yi sakaci da masu sauƙi. Wani abin mamaki kuma shi ne, wanda yake ƙoƙari shi ne zai ji jarrabawar tana ƙara yi masa tsauri, har ya zaci faɗuwa yake yi. Littafi ba zai iya koya wa mutum wannan yanayi ba, tun da shafin littafi ba ya sauyawa bisa amsar mai karatu.

A nan ne ɗalibin da ya tashi a ƙasar nan yake buƙatar sake tunani. Mun saba da tara tambayoyin shekarun baya na WAEC da na JAMB, a yi ta bita har a haddace, da fatan wasu za su sake fitowa. Ko da JAMB ta koma kwamfuta baki ɗaya a 2015, wannan al'ada ba ta gushe ba. A GMAT hadda ba ta da wani tasiri, domin ilimin da ake tambaya bai wuce na sakandare ba. Abin da ake aunawa shi ne saurin tunani da yanke shawara cikin ƙuntataccen lokaci.

Wajibi ne kuma mai shiri ya tabbatar gwajin da yake yi na sabon tsari ne. A ranar 7 ga Nuwamban 2023 aka ƙaddamar da sabuwar jarrabawar, aka kuma rufe tsohuwar a ƙarshen Janairun 2024. Sabuwar tana da sassa uku, kowanne minti 45: sashen lissafi mai tambaya 21, sashen fahimtar rubutu da tantance hujja mai tambaya 23, da sashen nazarin bayanai mai tambaya 20. Jimla tambaya 64 ke nan cikin awa biyu da minti 15, da hutun minti 10 ga mai so. An cire rubutun insha'i, an kuma cire tambayoyin gyaran jimlar Turanci da suka daɗe suna wahalar da mutane. Maki yana tashi daga 205 zuwa 805, maimakon 200 zuwa 800 na da, kuma ba a kwatanta su kai tsaye: 645 a sabon ma'auni daidai yake da 700 a tsohon. Har yanzu intanet cike take da gwaje-gwajen tsohon tsari, kuma wanda ya ɓata makonni yana gyaran jimloli ya yi noma ne a gonar da aka riga aka sayar.

Gwajin da ya fi kowane daraja shi ne na hukumar kanta, wanda ake samu a shafinta na mba.com. Biyu na farko kyauta ne, sauran huɗu kuma saye ake yi. Fifikonsu shi ne an gina su da tambayoyin da aka taɓa amfani da su a jarrabawar gaske, kuma da irin lissafin makin da ake yi a ranar jarrabawa. Kamfanoni masu zaman kansu irin su Kaplan, Manhattan Prep da Princeton Review su ma suna da nasu, kuma suna da amfani wajen saba wa agogo da juriyar zama. Amma makin da suke bayarwa kintace ne, domin ba su da bayanan da hukumar ta tara game da nauyin kowace tambaya. Wanda ya yanke shawarar biyan kuɗin jarrabawa bisa makin da wani kamfani ya nuna masa, ya dogara ne da sikelin da ba a daidaita ba.

Tun da na hukuma shida ne kacal, sai a yi tattalinsu. Ana iya maimaita gwaji, amma a karo na biyu wasu tambayoyin za su dawo, mutum ya amsa su cikin daƙiƙa kaɗan don ya tuna, lokacin da ya rage masa ya taimake shi a sauran, maki ya kumbura ba tare da ilimi ya ƙaru ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi ɗaya tun farko, bayan an ɗan san siffofin tambayoyin, domin a san inda aka tsaya. Daga nan a koma karatu na makonni kafin a taɓa na biyu, a kuma ajiye biyu na ƙarshe sai an kusa ranar jarrabawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar gwajin a matsayin darasi. Wasu kan yi gwaji kowace Asabar, su dubi maki, su yi murna ko su yi baƙin ciki, su rufe na'ura. Awo ba ya ƙara wa dabba ƙiba. Amfanin gwaji yana cikin bitar da ke biyo bayansa, wadda ya kamata ta ci lokaci fiye da gwajin kansa. A buɗe littafi na musamman, a rubuta kowace tambayar da aka faɗi da dalilin faɗuwar: rashin sanin ƙa'ida ne, ko gaggawa, ko rashin karanta tambaya da kyau, ko ƙarewar lokaci. A haɗa har da waɗanda aka ci da ka-cici-ka-cici, da waɗanda aka ci amma bayan minti huɗu, domin su ma rauni ne da bai fito fili ba. Kowane dalili da maganinsa. Wanda matsalarsa gaggawa ce, ƙarin darasin aljabara ba zai amfane shi da komai ba.

Akwai wani nau'in tambaya da ya cancanci a dakata a kansa, domin ba a san shi a makarantunmu ba, kuma yanzu yana cikin sashen nazarin bayanai. Ba a neman amsar lissafin. Ana tambaya ne ko bayanan da aka bayar sun isa a samo amsa. Alal misali, a ce wani ɗan kasuwa ya sayi buhunan shinkafa da na masara, jimla 30, kuma ana son sanin buhunan shinkafa nawa ne. Bayani na ɗaya ya ce shinkafa ta fi masara da buhu 6. Bayani na biyu ya ce buhunan masara sun haura 10. Na ɗaya shi kaɗai ya wadatar, tun da ba yadda za a yi sai 18 da 12. Na biyu kuwa bai isa ba, domin masara na iya zama 11 ko 20. Gwani yakan gane haka ba tare da ya kammala lissafin ba, ya wuce. Sabon shiga kuwa zai zauna ya warware komai, ya kuma yi kuskuren ɗaukar abin da ya sani daga bayani na ɗaya ya shigar cikin na biyu. Wannan tambaya kwaikwayo ce ta aikin manaja, wanda kullum sai ya yanke ko rahoton da ke gabansa ya isa a ɗauki mataki.

Batun lokaci shi ma sai a gwaji ake gane shi. Kowace tambaya tana da kimanin minti biyu. Ba a tsallake tambaya. Sai an zaɓi amsa kafin ta gaba ta fito, kuma barin tambayoyi ba amsa a ƙarshen sashe yana rage maki. Sabon tsarin ya ba da damar yi wa tambaya alama, a dawo a sauya amsa har uku a kowane sashe, amma sai ga wanda ya gama da sauran lokaci. Don haka dole mutum ya koyi haƙura da tambayar da ta gagare shi, ya zaɓi abin da ya fi kusa ya ci gaba, abin da ke da ɗaci ga wanda ya saba zuwa na ɗaya a aji. Har ila yau mutum ne ke zaɓar jerin da zai bi sassan uku, kuma a gwaji ne zai gano ko ya fi kyau ya fara da sashen da ya fi ƙarfi a ciki ko da wanda yake tsoro.

Gwaji ba zai faɗi gaskiya ba sai an yi shi a irin yanayin ranar jarrabawa: zama ɗaya, ba dakatar da agogo, ba waya a kusa, ba kalkuleta a sashen lissafi, domin a sashen nazarin bayanai kaɗai ake samun ta a kan allo. Wanda ya tsayar da agogo ya je ya sha shayi ya dawo, kansa ya yaudara.

Ya kamata a yi hattara da masu tallar cewa suna da tambayoyin da ke cikin jarrabawar a halin yanzu. A 2008 hukumar GMAC ta yi nasara a wata kotun Amurka a kan shafin ScoreTop, wanda ke irin wannan ciniki, aka yanke mata diyyar fiye da dala miliyan 2. Hukumar ta karɓi bayanan masu amfani da shafin, ta soke sakamakon mutum 84, ta kuma sanar da makarantun da aka aika wa makinsu.

Tun Afrilun 2020, lokacin annobar korona, ake iya zana jarrabawar daga gida, da mai sa ido yana kallo ta kyamarar kwamfuta. Ga mazaunin garin da ke nesa da cibiya wannan sauƙi ne, amma duk wanda ya san halin wutar lantarki da na intanet a ƙasar nan zai yi tunani sau biyu. Wanda ya zaɓi hakan, ya yi gwajinsa na ƙarshe a ɗakin da zai zauna, da kwamfutar da zai yi amfani da ita, a daidai sa'ar da ya zaɓa, ya ga ko batir da layin intanet za su ɗauki awa biyu da rabi ba yankewa.

Sakamakon GMAT yana aiki har shekara biyar. Ana iya sake zama bayan kwana 16, amma ba fiye da sau biyar ba cikin wata 12, kuma kowane zama da kuɗinsa. Makarantu da yawa kan wallafa matsakaicin makin ɗaliban da suka ɗauka, kuma da dama suna karɓar jarrabawar GRE a madadinta, wadda ita ma take da nata gwajin na kyauta. Mai neman gurbi ya duba wannan adadi na makarantar da yake so, ya jira sai gwajin hukuma biyu a jere, waɗanda bai taɓa gani ba, sun kai shi wurin, sannan ya zaɓi rana ya biya kuɗi.