Kafin Ka Sa Hannu a Takardar Bashin Gida

Kwanakin baya ƙanen wani abokina, malamin makaranta a Boɗinga, ya same ni bayan la'asar da takarda a ninke cikin aljihu. Da muka gaisa sai ya miƙo ta: "Yaya, duba mini wannan. An ce za a iya ba ni miliyan 10 in sayi gida a Sakkwato." Na tambaye shi nawa ke shigo masa a ƙarshen wata. Ya sosa ƙeya, ya ce dubu 100 da 'yan kai. Mata ɗaya, 'ya'ya biyar, ga tsohuwa a gida, ga ƙanne biyu suna karatu. Na zaro biro, muka juya bayan takardar.

Bashin gida mafi rangwame a ƙasar nan shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, wanda aka kafa a 1992, yake kuma hannun Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN. Ana cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa ana zubawa a asusun. Wanda ya yi aƙalla wata 6 yana zubi zai iya neman rance da ruwan kashi 6 cikin 100 a shekara, ya biya cikin shekarun da za su iya kai 30. A ji, abin gwanin daɗi. A lissafi, miliyan 10 na nufin kusan dubu 60 duk wata har wata 360, jimla sama da miliyan 21 da rabi. Shekara 30 ɗin ma ba kowa ake ba ba. Ana duba abin da ya rage maka kafin ritaya. Mai shekara 45 da zai ajiye aiki a 60, shekara 15 gare shi, biyansa kuwa zai haura dubu 84 a wata.

Bankunan kasuwa ba a ma maganarsu. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, su kuma sai sun ɗora nasu. Ko a kashi 25 aka ba ka, ruwan miliyan 10 kaɗai ya wuce dubu 200 a wata, uwar kuɗin tana nan ba a taɓa ta ba.

Akwai ƙa'idar da masu ba da irin wannan rance ke bi: biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da mutum ke samu. Mai dubu 100 ke nan dubu 33 ne iyakarsa, abin da zai ɗauki bashin miliyan 5 da rabi. Na ce wa malamin, to ta ina miliyan 10 ta fito? A nan ya yi ƙasa da murya. Wai wani ne ya ce zai "gyara" masa takardar albashi, a ƙara da kuɗin gona da na ɗinkin da maiɗakinsa ke yi, shi kuma a sallame shi idan kuɗi sun fito.

Wannan shi ne ramin da nake so jama'a su gani. Wanda ya kumbura maka takarda ya karɓi nasa ya tafi, kai za a bari da alat na gaskiya. Ƙa'idar nan ba don a ƙuntata maka aka yi ta ba, katanga ce tsakaninka da yunwa. Ni a ganina ko kashi ɗaya bisa ukun ya yi wa mutumin ƙasarmu yawa, domin banki takarda yake gani, ba ya ganin tukunya. Albashin ma'aikaci a Sifawa ko Danchaɗi tun kafin ya iso an raba shi: hatsi, taki idan damina ta kama, man babur, suna, biki, asibiti, ragon layya, da ɗan'uwan da zai yi sallama da asuba. Kuɗin gona kuwa ba a gina alkawarin shekara 30 a kansa. Bana albasa ta yi tsada, baɗi ta ruɓe a rumbu.

In za a yi adalci, akwai hujja a ɗaya ɓangaren. Naira na zubewa, dubu 60 ta yau ba ita ce ta shekara 10 masu zuwa ba, don haka bashin da ruwansa ba ya motsi yakan yi sauƙi a gaba. Gaskiya ne. Amma sai ka rayu ka kai gaban. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, kaya suka yi tashin gwauron zabi, ba a sa hannu a sabon mafi ƙarancin albashi na dubu 70 ba sai Yulin 2024. Watannin da ke tsakani, mai bashi da me ya ci abinci? Farashi a mota yake tafiya, albashi a kan jaki.

Sai batun jingina. Gidan da ka saya shi ne a hannun banki har ka gama biya, in ka gaza suna da ikon sayar da shi. Dokar filaye ta 1978 ta sa sai da takardar shaidar mallaka da amincewar gwamna ake jinginar da fili a birni, kuma duka kuɗi ne, ban da na lauya, na masu kimanta gida, inshora da kafin alƙalami. Gidan gado da ba a raba ba kuwa, kada ka kuskura ka kai takardarsa, ba naka kai kaɗai ba ne. Tun 2022 an yarda ma'aikaci ya taɓa har kashi 25 na asusun fanshonsa ya biya kafin alƙalami. Dama ce, amma guzurin tsufa ne ake yankewa.

Da yawa daga cikinmu ruwan ne ma ba za su taɓa ba saboda riba, sai su nufi bankunan da ba sa mu'amala da ita, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012. Madalla. Sai dai a sani, ko murabaha ce ko ijara, akwai adadin da za a cire duk wata, shi ma a auna shi da albashi. A kuma tambaya tun farko: in rai ya yi halinsa, wa zai biya? Mun san ba a rabon gado sai an sauke bashi, kada marayu su tashi ba uba ba gida.

Matsalar mallakar gida ba sabuwa ba ce. Ɗan ƙasar nan, Alhaji Shehu Shagari, da ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, gidaje na cikin manyan alkawuransa, har yau garuruwa da dama na da unguwar da ake kira Shagari Kwatas. Akasarin gidajen ƙanana aka yi su, don mai ƙaramin ƙarfi ya shiga, in hali ya samu ya ƙara ɗaki. Haka iyayenmu ma suka yi gini a garin Shagari da Boɗinga: fuloti bana, katanga baɗi, adashi ya fito a buga bulo, a sayar da sa a sayi kwano. Siminti ya yi tsada duk da ga kamfaninsa nan a Kalambaina, amma buhun da ka saya da kuɗinka ba mai zuwa ya ƙwace shi.

Malamin ya daɗe yana kallon bayan takardar. Can ya ce yana da fuloti a bayan gari, har an zuba harsashin ɗaki biyu tun shekara uku. Muka sake lissafi a kan miliyan 3, biyan wata ya tsaya wajen dubu 18. Na ce ya fara zuwa ya tabbatar kuɗin da ake cire masa suna isa asusun da sunansa, ya kuma nemi a rubuta masa jimlar abin da zai biya, ba na wata kaɗai ba. Ya ninke takardar ya mayar aljihu, ya ce, "Yaya, mutumin nan fa na riga na ba shi dubu 15 na fom."