Takardar Alminiyum: Wane Gefe Zai Kalli Abinci?

'Yan'uwa, iyayenmu na Zumuntar Mata sukan yi gardama a kan wannan: in za a naɗe kifi ko dankali a takardar alminiyum don gashi, gefe mai sheƙi ne zai kalli abinci, ko ɗayan? Duk ɗaya ne.

Bambancin daga masana'anta yake. Saboda takardar ba ta da kauri, a matsewar ƙarshe ana haɗa falle biyu a tura cikin inji tare. Gefen da ya taɓa ƙarfen injin yakan fito da sheƙi, wanda ya manne da ɗan'uwansa kuwa ya dushe. Ko ta ina aka naɗe, abinci zai nuna daidai.

Ga inda ya kamata mu lura. Tsami da gishiri suna cin alminiyum, har su huda shi. Kada abinci mai tumatir, yakuwa ko tsamiya ya kwana a ciki. A juye shi a kwano mai murfi.

Naɗewa kuma ba ta hana abinci lalacewa. Wanda za a kai wa marar lafiya ko tsoho, a kai da zafinsa, kada ya wuce awa 2 a ajiye.